Girgizar ƙasa: Abin da ya kamata a duba a ginin makarantun fadamar Rima

Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka yi ƙaurin suna wajen girgizar ƙasa, amma ƙasarta kan motsa jefi-jefi. A watan Satumban 2016 mazauna Kwoi a Jihar Kaduna sun ji motsin, sannan a Satumban 2018 aka ji irinsa a Mpape da ke Abuja. Duka biyun ba su yi ƙarfi ba, sai dai ginin da ya riga ya raunana ba ya buƙatar girgiza mai ƙarfi kafin ya zube.

Wannan ne ya sa batun ya shafi Zauro da sauran garuruwan da ke bakin fadamar Kogin Rima tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ƙasar fadama laka ce da yashi masu riƙe ruwa, kuma irin wannan ƙasa kan ƙara wa girgiza ƙarfi fiye da ƙasa mai dutse. A shekarar 1985 birnin Meziko, wanda aka gina a kan tsohon tafki, ya yi mummunar asara duk da cewa tushen girgizar na da nisan fiye da kilomita 300 daga birnin.

A kwarin Rima ruwa ne ke fara yin ɓarnar. Ambaliya irin ta 2020 kan zaizaye harsashin gini, danshi ya ci bulo, rodi ya yi tsatsa ya fasa simintin da ke rufe da shi. Rushewar benen wata makaranta a Jos ranar 12 ga Yulin 2024, wadda ta yi ajalin mutum 22, ta faru ba tare da ƙasa ta motsa ba.

Shugaban makaranta ko mahaifi na iya gane alamun farko da idonsa: tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, bangon da ya rabu da ɗan uwansa a kusurwa, ƙofar da ta daina rufuwa, daɓen da ya lotsa, da katakon rufin da gara ta ci. Hukuncin ƙarshe kuwa na injiniya ne mai rajista da hukumar COREN.

Gyaran ba kullum yake nufin rushewa ba. Ana iya zagaye saman bango da ɗamarar siminti da rodi, a ƙara ginshiƙai a kusurwoyi, a ɗaure rufi da bango, a kuma haƙa magudanar da za ta kau da ruwa daga gindin gini.

Lokacin da ya fi dacewa da dubawa shi ne ƙarshen damina, yayin da tsaga ke bayyana. Kwamitin kula da makaranta na unguwa na iya rubuta abin da ya gani ya miƙa wa hukumar SUBEB ta Jihar Kebbi, kuma duk ajin da ake shakka a kansa a kwashe yara daga ciki har injiniya ya zo.