Ijazar Likitan Mafitsara

Sau da yawa dattijo yakan wayi gari fitsari ya tsaya masa cik, mararsa ta cika, kunya kuwa ta hana shi faɗa wa kowa. Galibi sanadin haka wani nama ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, likitoci na ce masa furostet, wanda kan kumbura da tsufa har ya matse hanya. In aka yi sakaci, ƙoda ma takan lalace. To, wane ne ya cancanci a miƙa masa jiki a irin wannan hali?

Wannan fanni ba sabo ba ne. Abul Ƙasim Zaharawi, malamin Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake fid da tsakuwa daga mafitsara a cikin littafinsa Tasrif. Amma a yau ba a barin mutum ya ɗauki wuƙa sai da ijaza, hanyarta kuwa doguwa ce.

Da fari ɗalibi zai yi shekara 6 a jami'a. Kana ya yi shekara 1 yana aiki a asibiti ƙarƙashin manya, ya ƙara 1 ta bautar ƙasa. A nan ya zama likita, amma bai zama gwanin tiyata ba tukuna. Sai ya ci jarrabawar share fage, sa'an nan a karɓe shi almajiranci a babban asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, ko na Aminu Kano, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Shekara 2 zuwa 3 zai yi yana zaga sassan tiyata daban-daban, kana ya zauna jarrabawa ta ɗaya. In ya haye, sai ya tsaya wajen shekara 3 kan ƙoda da mafitsara da hanyar fitsari kaɗai. Kowane aiki ya yi, ana rubuta shi a littafi, malaminsa ya sa hannu. Daga kallo yake farawa, ya koma taimako, har ya riƙe wuƙa malami na tsaye a kansa. A ƙarshe ya rubuta littafin bincike, ya kare shi gaban dattawan fanni.

Majalisu biyu ke ba da wannan ijaza a Nijeriya. Akwai ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma, wadda asalinta ƙungiya ce da aka kafa a Badun cikin 1960, akwai kuma ta ƙasa da aka kafa a Ikko cikin 1979. In an lissafa duka, shekara 13 ke nan ko fiye. Amfaninta ya bayyana, gama a 2002 an yi dashen ƙoda a asibitin Aminu Kano.

Ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗin haja sai ya duba ta, almajiri kuma yakan tambayi wurin wa malami ya ɗauki karatu. Haka ya kamata majiyyaci ya tambayi ijazar mai yanka shi, ba rashin kunya ba ne. Wanda kuwa ya ga jini a fitsarinsa, ko ya ga yana fita da ƙyar, kada ya jira sai ya tsaya. Tun ran gini, ran zane.