Hanyar Durowa ta Katako

Ingancin durowa yana ga hanyar da take gudana a kai, wato siraran katakai biyu da kafinta ke kafawa cikin tebur ko kabad, dama da hagu. A jikin durowar kuwa akan feƙe kwari mai zurfin kamar sulusin kaurin allon, inda katakon zai shiga ya zauna.

Da farko ana zaɓen busasshen itace mai tauri, kamar maɗaci ko loko, domin mai taushi yakan zaizaye da wuri. Sai a yanka shi bisa tsawon jijiyarsa, a goge da samfefa, a ɗaure shi da ƙusoshin da aka nutsar da kawunansu, don kada su karce kwarin.

Babban abin lura shi ne iska. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Saboda haka durowar da aka matse a watan Janairu, ba za ta buɗu ba a Agusta. Gwanin kafinta yakan bar sarari kamar milimita 1, sa'an nan ya shafa kakin zuma ko kyandir. Mai kuwa ƙura yake tarawa.