Bindiga Ma Tana Son Kwalliya

Duk mutumin Zungur da ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan sallah ya san bindigar toka. Ana ɗura mata albarushi, ta yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe, yara su watse. Ba kasafai ake duban jikinta ba, alhali idan ka matsa kusa da ta wani tsohon maharbi za ka tarar an naɗe ta da jar fata, an jera mata ƙusoshin tagulla a gindi, ga laya tana reto. To, wannan son adon ne mutanen Turai suka mayar sana'a mai cin dukiya.

Ka san yadda ake yi wa ƙwarya zane? Mai sassaƙa ya dafe ta a cinya, yana juya ta da hannun hagu, wuƙa tana bin bayanta tana fidda siririn ɓawo. Haka mai zanen bindiga yake yi, sai dai tasa ƙwaryar ƙarfe ce. Wuƙarsa ɗan ƙarfe ne mai tsini, bai wuce tsawon yatsa ba, wani ya tura shi da tafin hannu, wani ya riƙa ɗan ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma. Ƙarfen da yake fita kuwa murɗaɗɗe ne, siriri kamar gashin masara. Mai ƙwarya idan hannunsa ya goce, asarar 'yan kuɗi ce, ya ɗauko wata. Wannan kuwa, kuskure ɗaya na iya lalata aikin wata uku, don ƙarfe ba allo ba ne balle a wanke.

A Gardone Val Trompia ta Italiya, garin da gidan Beretta yake ƙera makamai tun 1526, akwai masu zana tsuntsu ko kare a jikin bindiga da ɗige-ɗige zalla, suna leƙawa ta gilashin ƙara girma. In kana son ganin ɗan'uwan wannan aiki, ciro naira biyar ka ƙura wa fuskar Tafawa Ɓalewa ido: layuka ne ƙanana suka haɗu suka zama mutum.

Amma inda wayon yake shi ne wurin dasa zinariya. Ba a liƙa ta da ƙaro, ba a kuma narka ta a zuba. Mai aikin zai haƙa siririn rami a jikin ƙarfen, sannan ya rarake gefunansa ta ƙasa, ya zama baki matsattse, ciki yalwatacce, tamkar tulu. Ka ɗauka ka danna tuwo mai zafi cikin tulu har ya cika cikin, ka bar shi ya sandare. Kife tulun ka girgiza, ko ka kwana kana yi ba zai fito ba, don abin da ke ciki ya fi bakin girma. Tsantsar zinariya ita ce tuwon, taushi gare ta, ana ɗora zarenta a kan ramin a bubbuga, sai ta baje ta cika kowane lungu. A goge saman, ka shafa da yatsa ba za ka ji gaɓa ba. Bindigar ta yi ta harbi shekara ɗari, adon yana nan daram.

Ado dai ba ya ƙara wa harsashi nisa ko da taki ɗaya. Attajirin da ya zuba sama da fam 100,000 a bindigar Purdey ta Landan, hannun ma'aikaci da haƙurinsa ya saya, zabuwar da zai harba ba ta san bambanci ba.

Kada kuma a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Dogayen bindigogin Maroko da Aljeriya da azurfa da murjani ake ƙawata su, maƙeran Agadas suna zana azurfa, na Bida suna zana tagulla. Maƙeran farinmu ma hannun yana nan, kuma ba sai sun taɓa bindiga ba, tunda doka ta hana ƙera ta ba da lasisi ba. Ga takobi, ga kube, ga likkafa da linzami. Masu hawa, kafin sallah mai zuwa ku kai wa maƙerin unguwarku aiki, ku kuma biya shi da daraja.