Kanya Ba Duka Ɗaya Ba Ce

Duk wanda ya tashi a ƙasar Mafara ya san wata kanya zaƙi gare ta, wata bauri. Haka magarya da ɗinya, gama kowace daga ƙwallonta ta tsiro. Mangwaro ɗan aure kuwa, ko dubu ne, reshen uwa ɗaya ne. Cutar da ta kama ɗaya tana iya gamawa da saura.

Madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta ci itatuwa da yawa: ruwa ya shanye na wajen Maradun, aka sare na Mafara da Bakura domin filayen ban-ruwa, irinsu ya tafi.

Muna roƙon malamai su sa yara su tara ƙwallaye daga itatuwa dabam-dabam, a shuka a lambun makaranta. Kada a bar mai baurin, watakila ita ce mai jure fari.