Kakin Sojan Kanada a Tsaunukan Koriya

Lokacin da bataliya ta biyu ta rundunar Gimbiya Patricia ta Kanada ta sauka a Busan domin yaƙin Koriya a watan Disamba na 1950, kayan da ke jikin sojojin duk ragowar yaƙin duniya na biyu ne. Gajeriyar riga ce ta ulu mai kauri da ke tsayawa a ƙugu, da wando mai babban aljihu a cinya, sai bindigar Lee-Enfield wadda sai an ja kunamarta da hannu bayan kowane harbi. Yawancinsu 'yan sa-kai ne da aka ɗauka cikin gaggawa. Shi ya sa kwamandansu, Jim Stone, ya ƙi kai su bakin daga sai da ya ƙara musu horo na makonni, duk da matsin lambar janar-janar na Amurka.

Kayan gwamnati ba su daɗe yadda aka raba su ba. Sanyin Koriya ya kai ga daskarar da ruwa a gora, damina kuwa laka ce har gwiwa, ulu ya jiƙe ya ƙi bushewa. Sai musaya ta kankama. Sojan Kanada yana da rabonsa na giya, Ba'amurke kuma yana da jibgegiyar rigar sanyi da ƙaramar bindiga mai ɓarin harsashi. Kowa ya samu abin da yake so, hafsoshi kuma sau da yawa su kau da kai. In ka dubi hotunan lokacin za ka ga mutum sanye da rigar Amurka, wandon Kanada, ga hular saƙa ya ja har kunne. Hular kwano dai ba ta da farin jini wurin masu sintirin dare, domin da ta bugi reshe ko waya sai ta yi ƙara, kuma maƙiyi yana can ƙasan tudu yana saurare. Kafin fita sukan shafa baƙi a fuska, su ajiye wasiƙu da duk wata takarda.

Abin da ba a musaya da shi shi ne bajo. A kafaɗa akwai jan kyalle mai siffar garkuwa, da sunan ƙasar a rubuce, da ganyen zinariya a tsakiya, irin ganyen nan da ya hau tutarsu a 1965. A hula kuma kowace runduna da tata alamar. 'Yan runduna ta 22, masu jin Faransanci daga Kebek, suna ɗauke da hoton dabbar nan ta ruwa mai datse rafi da itace. A tsarin soja da suka gada daga Ingila, runduna kamar dangi ce: tana da ranar bikinta, da takenta, da tutarta, kuma mutum yakan ji kunyar zubar mata da mutunci fiye da yadda yake tsoron hukunci. A ganina wannan ne ya riƙe su fiye da duk wani jawabi kan yaƙi da kwaminisanci.

An ga haka a Kapyong, a watan Afrilu na 1951. Dakarun Sin suka yi wa tudu mai lamba 677 ƙawanya cikin dare, har ta kai 'yan Patricia suka roƙi maharban igwa na Niyu Zilan su yi ruwan wuta a kan ramukansu, su kuma suka kwanta ciki. Mutum 10 suka mutu, 23 suka ji rauni, tudun bai faɗi ba. Shugaban Amurka ya ba bataliyar lambar yabo, wani ɗan shuɗin kyalle, kuma har yau kowane sojan wannan bataliya yana ɗinka shi a kafaɗa, ko da kakansa bai san hanyar Koriya ba.

Daga ƙarshen 1951 yaƙin ya koma zaman ramuka, da buhunan yashi da ɓeraye. A nan al'adun gida suka fito fili. Ranar Kirsimeti hafsoshi ne ke ɗaukar faranti su kai wa ƙananan sojoji abinci. Da kogin Imjin ya daskare a hunturun 1952, sai suka share ƙanƙara suka yi fili, aka kawo musu sanduna da takalman zamiya daga gida, 'yan Patricia suka kara da 'yan runduna ta 22 a wasan hoki, 'yan kallo sun cika gaɓar kogi cikin rigunan sanyi, ana jin rugugin igwa daga nesa.

Sama da 'yan Kanada 26,000 ne suka yi aiki a yaƙin kafin a tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli, 1953, kuma 516 suka rasa rayukansu. A wancan zamani ba a mayar da gawar soja gida, don haka 378 daga cikinsu suna maƙabartar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Busan. Waɗanda suka koma ba su tarar da wani gagarumin biki ba, jama'a sun riga sun gaji da labarin yaƙi. Sai a 1991 gwamnatin Kanada ta ƙirƙiro lambar yabo ta musamman ga 'yan sa-kan da suka je Koriya, lokacin yawancinsu sun haura shekara sittin.