Dalmar Birgi da ta Harsashi: Gubar da Ake Narkawa a Tsakar Gida

Da an ambaci gubar dalma, hankalin mutanenmu Zamfara yake tafiya. A 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, bayan amai da jijjiga. Bincike ya nuna cewa dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje cike yake da dalma, kuma yara aƙalla 400 ne suka rasu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka riga mu gidan gaskiya. Tun daga nan jama'a suka ɗauka masifar ta masu haƙar zinariya ce su kaɗai. Alhali masuncin da ke ɗaura wa birginsa nauyi, da maharbin da ke ɗura bindigarsa, da mai kankare tsohon fentin jirgin ruwa, duk da wannan ƙarfen suke mu'amala, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu.

Waɗanda suka fara farga su ne mutanen ƙasashen da farauta da kamun kifi suka zama abin nishaɗi. A Amurka akwai miliyoyin mutanen da hutun ƙarshen makonsu a kan ruwa yake ƙarewa, suna jefa fatsa don kama wani kifi da suke kira bas. Mutum yana da ƙaramin jirginsa a bayan gida, shi ke gyara abinsa, kuma da yawansu da kansu suke zuba 'yan ƙwallayen dalmar da ke nutsar da ƙugiya. Cikin masu sha'awar bindiga ma akwai waɗanda ke narka dalma su zuba kan harsashinsu a garejin gida. Dalilin son wannan ƙarfe a fili yake. Yana da nauyi, yana da laushi, ga araha, kuma yana narkewa da zafin digiri 327 kacal, abin da garwashin gawayi ke kaiwa ba tare da wahala ba.

Tsuntsaye ne suka tona asirin. Agwagwar ruwa tana tsintar tsakuwa ta haɗiye don ƙundunta ya niƙa hatsi, ba ta kuwa bambance tsakuwa da ƙwayar harsashin da ya faɗa cikin laka. Ƙundun ya niƙe dalmar, ta shiga jini, tsuntsuwar ta rame ta mutu a cikin ciyayi inda ba mai gani. Wannan ne ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma a faɗin ƙasar daga 1991. Birtaniya ta riga ta ɗaukar mataki ta fuskar kamun kifi, domin a 1987 ta haramta ƙananan nauyin fatsa na dalma bayan da manyan fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya suka yi ta mutuwa a kogin Tems da sauran koguna. Danmak ta hana ƙwayoyin harsashin dalma gaba ɗaya a 1996. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa ungulunta ce ta tilasta mata. Wannan ƙatuwar ungulu saura 27 kawai ta yi a duniya a 1987, kuma babban abin da ke kashe ta shi ne ɓarɓashin harsashi a cikin mushe da kayan cikin da maharba ke zubarwa a daji. Daga 2019 jihar ta hana kowace irin farauta da harsashin dalma. Tarayyar Turai ma ta hana amfani da shi a fadamu daga Fabrairun 2023.

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, mu da muke neman na tuwo ina ruwanmu da ungulun Kalifoniya? To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A unguwar Ngagne Diaw ta garin Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar babban birnin Senegal, maƙera sun daɗe suna fasa tsofaffin baturan mota suna narka dalmar ciki, suna ƙera wa masunta nauyin koma. Shekara da shekaru dattin yana taruwa a cikin yashin unguwar. Da farashin dalma ya tashi sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar suna tsince ɓarɓashin don sayarwa, wasu ma a cikin gidajensu, da goyo a baya. Tsakanin Nuwamban 2007 da Maris na 2008 yara 18 suka mutu. Babu zinariya a labarin nan. Batir ne da kayan kamun kifi, irin waɗanda za ka gani a Yawuri ko Baga ko fadamar Haɗeja da Nguru.

Ya kamata a fahimci yadda gubar ke shiga jiki, domin a nan ne ake yawan kuskure. Riƙe dunƙulen dalma a hannu ba shi ne babban haɗari ba. Haɗarin yana cikin hayaƙin da ke tashi lokacin narkawa, da kuma ƙurar da ba a gani, wadda ke sauka a ƙasa da tufafi da kwanon abinci. Babban mutum yana shaƙa. Yaro mai rarrafe kuwa ci yake yi, tunda duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma babu wani mizani da za a ce ƙasa da shi dalma ba ta da illa. Idan ta shiga, ƙashi da haƙori take komawa ta zauna shekaru. Mace mai ciki da ta tara ta tun tana yarinya, lokacin da jikinta ke ɗibar sinadarin ƙashi don gina ɗan tayi sai dalmar ta biyo, ta isa ga abin da ke cikin. Daga nan ake samun ɓari da haihuwar bakwaini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gubar da ba ta kai ta kashe ba. Yaron da ya faɗi yana jijjiga, ko an fara cewa iska ce, a ƙarshe dai za a nemi asibiti. Amma wanda aka ga ya yi fari fat don ƙarancin jini, ba ya son abinci, ya makara wajen magana, an kai shi makarantar allo ya kasa riƙe abin da sa'o'insa suka haddace, shi daƙiƙi za a kira shi, a bi shi da bulala. Ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. A wajen manya kuwa tana zuwa da murɗawar ciki, da taurin bayan gida, da ciwon kai, da hawan jini, da ciwon ƙoda, da raunin wuyan hannu, har da rage ƙarfin haihuwa. Sau da yawa basir ko shawara ake cewa, a yi ta shan jiƙo.

Maharba suna da nasu kason a cikin tukunya. Harsashin dalma idan ya bugi nama da ƙashi tarwatsewa yake yi. Wani gwaji da hukumar kula da albarkatun daji ta jihar Minesota a Amurka ta yi a 2008 ya gano ɓarɓashi har kusan santimita 45 daga inda harsashi ya ratsa, mafi yawansa ƙanana ne da ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Dahuwa ba ta kashe wannan guba, abin tsami a cikin miya ma ƙara narkar da ita yake yi. Don haka wanda ya harbo zabuwar daji ko fakara ko gada, ya yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa ya binne, tare da kayan ciki, kada kare ko ungulu su ci. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa a nemo musu wani naman. Akwai harsashin ƙarfe da na jan ƙarfe da ya maye gurbin na dalma a ƙasashen da muka ambata, amma kada kowa ya jarraba shi a tsohuwar bindiga ba tare da masanin bindiga ya duba ta ba, domin ƙarfe mai tauri yana iya lalata bututunta.

Mai gyaran jirgin ruwa shi ma ya yi hattara. Jan fentin nan na hana tsatsa da ake shafa wa jiragen ƙarfe, da wasu fentin masana'antu, suna iya ƙunsar dalma. Gogewa a bushe ko babbaka shi da wuta yana cika iska da ita. A jiƙa wurin kafin a kankare, a tattara tarkacen nesa da ruwan da ake sha.

Ga masunta, ba zan ɓoye cewa sauyin yana da wuya ba. Dalma ta ninka ruwa nauyi sau 11.3, baƙin ƙarfe kuwa sau 7.9 ne, saboda haka birgin da aka yi wa nauyin ƙarfe ba ya nutsewa da saurin da aka saba. Wasu masu kamun bas na Amurka sun koma wani ƙarfe mai suna tungistin, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin masuncinmu. Amma koma da taru da mamari suna aiki lafiya da guntayen ƙarfe ko dutse ko gasasshen yumɓu. Wanda kuma ba shi da makawa sai dalma, to kada ya narka ta a cikin gida, kada ya yi a murhun girki, kada ya ari tukunya ko ludayin uwargida. Ya yi nesa da gari, ya tsaya ta inda iska ba za ta kawo masa hayaƙi ba, kuma kada ya tafi da yaro ko da ɗan aike ne. Matse dalma da haƙori a jikin igiya a daina. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, a tuɓe kayan aiki kafin a ɗauki jariri, a wanke su daban. Batirin da ya mutu a sayar da shi yadda yake, kada a fasa.

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu walda da fenti da masu narka ƙarfe, wai gwangwanin madara bayan aiki yana wanke guba. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalma daga jini. Gwajin jini ne kawai ke nuna yawanta, kuma maganin fitar da ita likita ne ke bayarwa. A Zamfara ma sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje kafin a fara ba yara magani, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi inda ya kwaso.

Muna kira ga Sarakunan Ruwa da Sarakunan Dawa da shugabannin maƙera su kai wannan magana majalisarsu, su ware wuri guda a bayan gari don aikin dalma. Kai kuma mai karatu, idan an taɓa narka dalma ko fasa batir a gidanku kuma akwai yaro ƙasa da shekara 5, kai shi asibiti, ka faɗa wa likita sana'ar da ake yi a gidan, ka nemi a auna dalmar da ke jininsa.