Siffantawa da Gini a Wasiƙun Shugabannin Jihadi

Bayan jihadin 1804, shugabannin Daular Usmaniyya sun fuskanci aikin kafa sabon mulki, kuma sun ari kalmomin magina wajen bayyana shi. Da Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya nemi shawara, Muhammadu Bello ya amsa masa da wasiƙar Usulus Siyasa, inda ya jera usuli bakwai. Kalmar Larabci "asali" saiwa take nufi, Bahaushe kuwa yakan fassara ta da "tushe", wadda ta haɗa gindin itace da harsashin ɗaki. Haka kuma "rukuni", wato shisshike, shi ne abin da rufi ke dogara a kansa.

Wannan siffantawa ba ado kawai ba ce, gargaɗi ce. Mai zaune a soron ƙasa, a Katsina ko a Kabo, ya san cewa ginin da aka bari ba yaɓe, damina ce ke rushe shi. Ashe adalci aiki ne na kullum. Shi ya sa Bello, wanda ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya ɗora wa sarki kula da ganuwa da kasuwanni da hanyoyi.